Abin da ke Cikin Ikilima

Ilela, 2 ga Disamba

Yayana Mati,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke haƙar zinariya tare. Mu nan sai godiyar Allah. Maigidana Sumaila yana gaishe ka, tarin da ya dame shi ya sake shi. Ran Juma'a na leƙa Bazaga, na iske ƙananan yaranka biyu lafiya lau a gidan Yaya Iliyasu. Anwar ya fid da haƙori, sai bangale baki yake yi wa kowa don a gani. Gidanka yana nan a rufe. Na buɗe na share ɗakin matarka Hauwa, Allah ya jiƙanta, na sake kullewa.

Na nemi lambarka har na gaji, aka ce mini can babu rezon waya sai wayar Turayya ta tauraron ɗan adam da ake haya, ita ma a tsakiyar jama'a ake magana da ita. Shi ya sa na rubuto ta hannun Dogo direba.

Yaya, kada hankalinka ya tashi, amma ɗiyarka Ikilima ta yanke jiki ta faɗi a lakwal, makarantarmu. Ba ita kaɗai ba. Tun watan jiya ƴan matan kwalejinmu suke faɗuwa. Ana tsakiyar ɗaga tuta sai wata ta kurma ihu ta zube, kafin a ɗauke ta wasu sun bi bayanta. Iyaye suka ce tsamiyar da aka sare don gina sababbin kalas gidan mutanen ɓoye ce. Darakta ya kira malamai suka yi saukar Alƙur'ani a filin lakwal, duk muka ji daɗin haka. Abin ya lafa ƴan kwanaki, ya dawo. Ran Talata ina koyarwa aka shigo da gudu aka ce, "Madan, yau ɗiyarki ce." Na iske ta kwance a ƙofar kalas ɗinsu. Ba ta ihu kamar sauran. Haƙoranta a datse, hawaye na gangarowa cikin kunnuwanta.

Ka tuna bara an tura ni Tawa, aka koya mana yadda ake zama da yara a yi maganar abin da ke damun zuciya? Da na dawo, akwati na jefa takardun. Bayan abin nan na zaro su, na roƙi darakta ya ba ni yammacin Laraba tunda ba a karatu. Ya ce, "Ki gwada, Madan. Addu'a ba ta hana magana." Madan Fadila, mai jinya a likitar gari, tana zuwa tana taya ni.

A zaman farko na ce kowa ya kawo mini kalma ɗaya ta Hausa, ta abin da mutum ke ji a ransa. Suka kalli juna. Can wani ya ce "yunwa", aka fashe da dariya, daga nan baki ya buɗe. Haushi, fargaba, kewa, takaici, ƙyashi, kunya, har allo ya cika. Wani yaro Junaidu, sarkin surutun kalas, ya ce, "Madan, kewa ai ta mata ce." Sai wata yarinya daga can baya ta ce, "Mu a gidanmu duk waɗannan suna ɗaya gare su: haƙuri." Wannan kam ba wanda ya yi dariya.

Ikilima ta zo zaman, amma ba ta ce uffan ba. A gida ma haka take. Abinci sai ta tsakura ta ture, ta rame, da safe jiri yake ɗibarta. Ni dai na gane abin da ke cikinta. Tun damina take ɗauke da shi ba ta faɗa wa kowa ba, yanzu ya yi nauyi har ya fara fitowa fili. Ba na son in fama maka ciwo a takarda. Ka dai rubuto mata ko layi biyu ne.

Dogo yana ta danna oda a ƙofar gida, dole in tsaya nan.

Ƙanwarka,
Sahiya

*

Wurin haƙa, arewa da Agadas, 20 ga Disamba

Sahiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ina lafiya, sai ciwon baya da sanyin nan mai fasa leɓe. Ki gai da Sumaila, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na karanta na sake karantawa. Kin san bokona bai yi nisa ba, na ce ko ni ne ban gane ba, sai na kai wa wani dattijo ɗan ƙasarmu, mutumin Malbaza, da muke tanti ɗaya. Ya karanta mini wurin da kika ce kin gane abin da ke cikinta, tun damina take ɗauke da shi, ya fara fitowa fili, ga jiri da safe. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce, "Mati, sai haƙuri. Zamani ne." Ranar ban iya shiga rami ba.

Uwarta ko shekara ba ta yi a ƙasa ba. A gabana yarinyar nan ta yi hutun damina. Ina ganinta shiru-shiru, na ɗauka hankali ne ya zo mata. Ashe ciki ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kin cika takarda da labarin allo da kalmomi, babbar magana kuma kika dunƙule ta can ƙasa. Wanga zama naku na Laraba, a tara maza da mata a ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba irinsa ne ke buɗe wa yara ido ba? Mu da muka tashi ba wanda ya taɓa tambayarmu me muke ji, ga mu ba mu lalace ba.

Ga abin da na yanke. Na aika wa Yaya Iliyasu takarda a motar nan. Zai zo ya ɗauki yarinyar ya mai da ta Bazaga tun maganar ba ta bazu a Ilela ta ɓata miki aiki ba. Lakwal ta ƙare. Ki tambaye ta ko wane ne. In ta ƙi faɗa, kada a dake ta. Ban yarda kowa ya ɗora mata hannu ba.

Layi biyun da kika ce in rubuta mata, ba ni da su.

Yayanki,
Mati

*

Ilela, 9 ga Janairu

Yaya Mati,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, yara na Bazaga ma lafiya. Allah ya ba ka sauƙin bayan. Gaisuwata ke nan ta yau, ka yi mini uzuri.

Ikilima ba ta da ciki. Ka sake karanta layin nan, ka kai wa dattijon naka shi ma ya karanta. Cikin da ke gare ta baƙin ciki ne.

Dogo ya fara biyawa ta Ƙwanni, don haka takardar Yaya Iliyasu ta riga tawa isowa. Ran kasuwa sai ga shi a kan babur, ban san komai ba. Ya ƙi shiga gida, ya tsaya a zaure. Ya ce, "Sahiya, a haɗa wa yarinya kayanta." Na ce, "Lafiya, Yaya?" Ya ce, "Ni za ki tambaya? Ke kika rubuta." Ya zaro takardarka ya fara karantawa da ƙarfi. Ban ankara ba ashe Ikilima na tsaye bayan ƙyaure da kwanon furar da na ce ta kawo masa. Ta ji duka, har inda ka ce a tambaye ta ko wane ne.

Ta shigo ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabansa, ko ɗigo bai zube ba. Ta ce, "Baba Iliyasu, mu tafi likita yanzu." Na ce mata ba inda za ta, ni na san ɗiyata. Ta ce, "Gwaggo, in ba a je ba, har in mutu ana kallon cikina."

Muka tafi mu uku, ta tsakiyar kasuwa. Madan Fadila ta yi awo, ta fito ta ce wa Yaya Iliyasu babu komai, jininta ne ya yi ƙasa don rashin ci, sauran ciwon kuwa ba wanda ake gani a awo ba ne. Ya cire hula ya share fuska, yana ta istigfari. Ya shiga kasuwa ya sayo mata tsire da turmin atamfa, ya hau babur ya tafi bai iya haɗa ido da ita ba. Tsiren ta raba wa yaran maƙwabta. Atamfar tana nan inda ya ajiye ta.

Ba kai kaɗai zan ɗora wa laifi ba. Ni da nake koya wa ƴaƴan mutane su kira abu da sunansa, na zo gabanka na yi ta kewaye-kewaye don kada in tuna maka da Hauwa. To yau zan faɗa a miƙe. Uwarta ta rasu ita Ikilima tana nan Ilela tana jarrabawar ƙarshen shekara. Ba a aiko ba sai da aka binne. Da muka isa Bazaga ta fara kuka, mata suka rufe ta, "Yi shiru, ke ce babba, ƙannenki na kallonki." Ta haɗiye. Ta yi damina tana daka tana girki a madafin uwarta. Ana gama girbi ka ɗauki jaka ka tafi arewa, ba ka zauna da ita ko sau ɗaya ba. Yarinya mai shekara goma sha biyar, a shekara ɗaya ta rasa uwa, uban kuma ya yi nisan da ko muryarsa ba ta ji. Abin da na ce tana ɗauke da shi ke nan.

Zaman Laraba kuma da ka zarga, bari in faɗa maka abin da ya buɗe. Cikin masu faɗuwa, akwai wadda take takowa daga ƙauye kullum ba ta karya ba. Akwai wadda ubanta ya rantse in ta faɗi jarrabawa ba za ta ƙara taka lakwal ba, tun daga ranar in ta ga takardar gwaji numfashinta yake sarƙewa. Akwai wadda ke kwana tana raba iyayenta faɗa. Ban ce babu iskoki ba, Allah ya halicce su. Amma muna koya wa yara in ƙirji ya fara matsewa su zauna, su ja numfashi a hankali, su kama hannun ƙawa su ce mata ga abin da nake ji. Wadda abin ya fi ƙarfinmu, Madan Fadila ta kira iyayenta. Faɗuwa ta ragu sosai. Iyayen da suka fi zagina da fari, yanzu wasu su ke rako ƴaƴansu.

Ikilima kam ta daina zuwa tun ranar. Ba za ta koma Bazaga ba, jarrabawar burebe za ta rubuta bana in Allah ya yarda, na faɗa wa Yaya Iliyasu bai musa ba. Da, duk ranar da ta ji ƙarar babbar mota sai ta tambaye ni ko Dogo ne. Ta daina tambaya.

Sahiya

*

Ilela, 16 ga Fabrairu

Yayana Mati,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai Sumaila da aka tura aiki Malbaza na ɗan lokaci. Na je Bazaga, Anwar yana tambayar yaushe za ka kawo masa keke.

Shiru ya yi yawa, Yaya. An yi ta jita-jitar wani rami ya rufta a wajenku, na kasa zaune na kasa tsaye har Dogo ya dawo ya rantse mini ya gan ka da idonsa, ya sa takardata a hannunka. To in fushi kake da ni don na yi maka magana da kaushi, ka yafe mini. Ni ƙanwarka ce, ban isa in ɗaga maka murya ba. Amma abin da na faɗa ban janye ba.

Ikilima ta dawo zaman Laraba da kanta, ban matsa mata ba. Ta zauna can ƙarshen benci. Ranar ina tambayarsu ne, in mutum ya yi rashi, a ina yake jin abin a jikinsa? Wata ta ce a wuya, wata ta ce a ciki kamar an ɗaure da igiya. Sai Junaidu, yaron nan da ya ce kewa ta mata ce, ya ɗaga hannu. Kowa ya gyara zama yana jiran abin dariya. Ya ce wansa ya tafi Libiya tun yana ƙarami, ba labari har yau, uwarsu kuma ta hana a ambaci sunansa a gida. Ya ce shi a ƙafa yake jin abin, duk motar arewa da ta tsaya a tasha sai ƙafarsa ta kai shi. Muryarsa ta karye, ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska. Na tsorata, na ce yanzu za su yi masa ihu. Wallahi ba wanda ya motsa. Na kusa da shi ya dafa kafaɗarsa kawai.

Sai na ji muryar Ikilima. Ta ce, "Ni ban ga Innata ba." Abin da ta faɗa ke nan, sai kuka. Yaya, ban taɓa jin irinsa ba. Wata ƙawarta ta fara cewa "yi haƙuri", Madan Fadila ta girgiza mata kai. Muka bar ta ta yi har ta gaji. Da muka koma gida ta ci tuwo ta nemi ƙari.

Ban ce ta warke ba. Wata rana ta tashi da walwala, wata rana ta wuni ba magana. Amma ba ta ƙara faɗuwa ba. Jiya ta ce in bar mata wuri a ƙasan takardar nan. Ban gyara mata ko harafi ɗaya ba.

Sahiya

Baba, ina wuni. Ina gaishe ka. Ina lafiya, ina cin abinci. Na ji abin da ka zata a kaina. Da farko kunya na ji, daga baya fushi, yanzu ban san sunan abin ba. Amma ba shi nake son tambaya ba. Lokacin da Inna ta kwanta, daga Ƙwanni zuwa Ilela ba nisa a babur. Me ya sa ba ka aiko an ɗauke ni ba? Ta neme ni? Ko ba ta neme ni ba ka faɗa mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Ɗiyarka

*

Wurin haƙa, 10 ga Maris

Ƙanwata Sahiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barkanmu da azumi, Allah ya karɓi ibadarmu. Ina lafiya. Ramin da ya rufta ba namu ba ne, kuma an ciro mutanen da rai. Bayan ya yi sauƙi. Ki gai da Sumaila da yara, ki miƙa mini godiya wurin Madan Fadila duk da ba mu san juna ba.

Ba fushi nake ba. Takardarki ta Janairu na karanta ta a tsaye, na gama ta a zaune a ƙasa. Ranar na je na sami dattijon Malbaza a gaban mutanen tantinmu, don na san maganar ta ɗan zaga, na ce musu na yi wa ɗiyata ƙazafi, ku shaida ba ta yi komai ba. Wannan ya zo mini da sauƙi. Rubuto muku ne ya gagare ni. Duk wadda na fara sai in ga ba ta kai ba, in yage. Dogo ya zo ya koma hannu wofi yana hararata. Da ba don tambayar da ke ƙasan takardarki ta uku ba, da wataƙila har yau ina yagewa.

Ki ci gaba da zamanku na Laraba. Na ce mu ba a tambaye mu ba kuma ba mu lalace ba. Ga ni nan na gudo har bayan Agadas na shige rami, ki auna da kanki.

Sauran ki ba ɗiyata ta karanta.

Ɗiyata, ki yafe mini. Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, ban ko tsaya na tambaye ki ba. Ba ni da hujja, ba zan nemo ba.

Ga amsar tambayarki. Zazzaɓi da ciwon kai suka kama Innarki ran Lahadi. Muka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, mota ta kai mu likitar Ƙwanni. Washegari ta farfaɗo har ta sha kunu. Na ce mata zan tura babur Ilela a ɗauko ki. Ta kama hannun rigata, ta ce, "Kada ka tashe ta, jarrabawa take. In ta maimaita aji saboda ni ban yafe maka ba. Jibi zan tashi." Na yarda, don ina son in yarda. Ba ta kai jibin ba.

Da kika zo na so in faɗa miki. Amma duk lokacin da kika sunkuya a bakin murhu, ita nake gani, sai in fice gona. Tafiyata arewa ma, na ce wa mutane neman abinci ne. Rabi ne gaskiya.

Kin tambaya ko ta neme ki. Ke ce ɗiyar fari, kin san Innarki da kunya. Tun da aka raɗa miki suna ban taɓa jin ta kama shi ba, sai "ke", sai "ƴar lakwal ɗin nan". Ranar, bayan ta hana ni aikawa, ta daɗe tana kallon rufi har na ɗauka barci ne. Sai ta ce, "Mati, Ikilima za ta yi fushi da mu. In ta yi, ka bar ta ta yi." Da bakinta ta faɗi sunan, na ji da kunnena. Daga nan ba ta ƙara wata doguwar magana ba sai salati.

Saƙonki ne, na riƙe shi wata da watanni. Yau na isar. Ki yi fushinki, ɗiyata. Na gaya wa Dogo ya ajiye mini wuri a motarsa kafin sallah, Ilela zan fara sauka. In na zo bai ƙare ba, ki ƙarasa shi a gabana. Zan zauna.

Babanki,
Mati